Gona da Sarauta a Ƙasar Tasawa: Daga Shaidar Baki Zuwa Takarda

A zamanin kakanni, daji ya fi ƙarfin mutane a ƙasar Tasawa. Baƙon da ya sauka yakan kai gaisuwa ga mai gari, a nuna masa inda zai yi sassabe, gonar kuwa ta zama tasa da ta zuriyarsa. Gandu yana hannun maigida, mata da samari kowa da gamanarsa. Ba a san takarda ba, domin shaidar dattawa da gambar kan iyaka sun isa.

Da mulkin Faransa ya kafu, neman kuɗin haraji ya faɗaɗa noman gyaɗa. Jama'a ta yawaita, saura ta ƙare, gonaki suka matse burtali a kwarin Gulbin Kaba har Mayahi. Daga nan aro da jingina suka soma haifar da ƙara a zauren sarki.

A watan Disamban 1974, Shugaba Seyni Kountché ya bayyana cewa gona ta mai nomanta ce. Talakawa da yawa sun amfana, amma masu gonaki suka ji tsoron bayar da aro. Kisan Toda na 1991, a jihar Maraɗi, ya nuna wa ƙasa inda rikicin manoma da makiyaya yake kaiwa.

Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da mallakar takarda, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, inda sarakuna suke zama. Mai gari ne yake jagorantar na ƙauye, yana sa hannu a takardar saye, kyauta, aro ko jingina. Sulhu kuma a gaban sarki yake farawa kafin a je wurin alƙali.

Amfanin wannan a bayyane yake. Manomin da ya tabbata gonar tasa ce shi ne yake kai taki, ya yi renon gawo da kaba, ba ya shakkar wani zai ƙwace.

Sai dai gādo yana ta tsaga gandu, mata da yawa sun rasa gamana. Kare rabon mata da marayu da hanyar dabbobi ita ce amanar da aka ɗora wa wannan sarauta. Allah ya taya Sarki riƙo.