Shebeen: Yadda Doka Ta Kai Gidan Giya Tsakar Gida a Afirka ta Kudu

Mawaƙiya Miriam Makeba na da kwana 18 a duniya, a 1932, 'yan sanda suka kama mahaifiyarta da laifin dafa giya da sayarwa. Aka yanke mata wata shida, ta tafi gidan yari da jaririyar a bayanta. Shi ma Hugh Masekela, fitaccen mai busa ƙaho da aka haifa a 1939, a hannun kakarsa ya tashi a Witbank, garin haƙar kwal, kuma da haramtacciyar mashaya tsohuwar ke riƙe da gida. Irin wannan mashaya ake kira shebeen, kuma dubban yaran unguwannin baƙar fata a cikinta suka yi wayo.

Giyar da ake takaddama a kanta ita ce umqombothi, wadda ake yi da masara da tsiron dawa, ƙanwar burukutu ce a kauri da tsami. A ƙauye aikin mata ne, ta biki ce da taron dangi. Da aka gano zinariya a 1886, Johannesburg ta cika da maza 'yan ci-rani, masu ramukan ma'adinai kuma suka fara kukan cewa maye na kashe musu aiki. Kafin ƙarshen ƙarnin an hana sayar wa baƙar fata barasa a yankin Transvaal, inda Johannesburg take, dokar 1928 kuma ta hana su giyar Turawa a faɗin ƙasar.

Sai dai ba tausayin mashaya ne ya dami hukuma ba. A 1908 gwamnatin yankin Natal ta yi dokar da ta ba hukumomin birane ikon dafa giyar gargajiya da sayar da ita su kaɗai. Durban, da ke Natal, ta gina manyan zauruka na shan giya, ribar kuma ta tafi wajen gina barikokin lebura da biyan ma'aikatan da ke sa wa baƙar fata ido. Wato talaka ya sha da kuɗinsa, a ɗaure shi da ribar. Birane da dama suka kwaikwaya, Johannesburg ta bi sahu a 1938.

Matar da ta shigo birni kuwa, in ba wankau ko aikatau ba, ba ta da wata hanyar samun taro da sisi. Sai ta koma ga sana'ar da ta iya. Da yamma a ture gado gefe, a jera benci, ɗakin kwana ya zama mashaya. Ana binne durom ɗin giya a ƙasa, su kuma 'yan sanda su zo da sandunan ƙarfe suna tsokalar tsakar gida. A nan yara ke shigowa. Su ne masu tsayawa a bakin lungu kamar suna wasa, da sun hango motar samame sai su ba da alama, kafin a iso an kawar da komai. Da kuɗin giyar nan aka biya haya, aka sa yara da yawa a makaranta. Ba duka ne abin tunawa da daɗi ba: don gudun kamu wasu suka koma haɗa skokiaan, mai saurin nuna da bugarwa, har ana zuba masa abubuwa masu cutarwa, ga faɗan wuƙa a daren Asabar. A ɗakunan nan ne kuma kiɗan marabi ya girma.

Mata ba su yi shiru ba. A 1929 sun far wa zaurukan giya a garuruwan Natal, a Yunin 1959 kuma matan Cato Manor a Durban suka shiga da sanduna suka kori mazajensu, suka zubar da giyar hukuma. A Janairun 1960 an kashe 'yan sanda tara a unguwar yayin wani samame.

A 1962 aka ɗage haramcin giyar Turawa, amma shagunan barasa na cikin unguwanni suka kasance a hannun hukuma. Shi ya sa a boren Soweto na Yunin 1976 ɗalibai suka cinna wa zaurukan giya da shagunan wuta, suna cewa da su ake kashe zuciyar iyayensu. Har masu shebeen sai da ɗaliban suka umarce su da su rufe don zaman makoki.

Daga shekarun 1980 aka fara ba wa shebeen lasisi, da yawa suka zama halattattun mashayu, yara kuma suka tashi daga masu gadi suka koma masu saye. Ranar 26 ga Yuni, 2022, matasa 21 suka mutu a mashayar Enyobeni da ke East London, ƙaraminsu ɗan shekara 13. A 2024 kotu ta samu masu wurin da laifin sayar wa ƙananan yara giya, ta ci kowannensu tarar rand 5,000.