Lauyan Da Ya Mai Da Tarihi Hira

Ku 'yan makaranta da ke karanta littattafan Ingilishi, da wuya a ce ba ku taɓa jin sunan Walter Scott ba, mai littafin Ivanhoe. Amma da yawanku ba su san lauya ne ba. An haife shi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland a 1771, ubansa ma lauya ne. Ya fara aikin lauya a 1792, aka ba shi alƙalancin gundumar Selkirk a 1799, a 1806 kuma ya zama akawun babbar kotun ƙasar. Bai saki aikin nan ba ko da littattafansa suka kawo masa dukiya, don ya ƙudura tun farko ba zai dogara ga alƙalami kaɗai wajen neman abinci ba. Labarinsa na farko ma, Waverley, da ya fito a 1814, bai sa sunansa a kai ba, sai a 1827 ya amsa a bainar jama'a cewa shi ne mawallafin.

To, me zaman kotu ya amfana masa? Mu a ganinmu, can ya koyi sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara kafin ya yanke hukunci. Shi ya sa in ya ba da labarin yaƙin 1745, ba ya mai da waɗanda aka ci 'yan iska, ko waɗanda suka ci waliyyai. Ya kuwa zauna da tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu, ya ji ta bakinsu.

Ku dubi littafinsa The Heart of Midlothian na 1818. Akwai wata doka ta 1690 a Sikotland, wadda ta ce macen da ta ɓoye cikinta, aka kuma rasa jaririn, to kisa ne hukuncinta, ko da babu wanda ya ga ta kashe shi. Wata mata, Helen Walker, ƙanwarta ta faɗa hannun wannan doka. Aka ce da Helen ta yi rantsuwa cewa ƙanwar ta gaya mata zancen cikin, sai a sake ta. Ta ƙi rantsuwa bisa ƙarya. Da aka yanke hukunci, sai ta kama hanyar Landan da ƙafa, tafiyar fiye da mil 300, ta kai kuka wurin Duke na Argyll, aka yi wa ƙanwar afuwa.

Wannan duk ya faru. Amma Scott ya sake musu suna, ya ɗauke su daga ƙauye ya kai Edinbara, ya haɗa labarin da tarzomar 1736, har ya shigar da yarinyar gaban Sarauniya. Da akawun kotu ya yi haka cikin littafin shari'a, ai sai kora. Shi kansa bai ɓoye ba, ya ce a Ivanhoe mai yiwuwa ya gauraya al'adun zamanai dabam-dabam. Saboda haka kada ɗayanku ya kwashi maganarsa ya zuba a jarrabawar tarihi. Haka kuma Ganɗoki na 1934, wanda Malam Bello Kagara ya rubuta, shi ma daga baya ya yi alƙalanci a Katsina: yaƙin Kwantagora gaskiya ne, aljannun kuwa nasa ne.

Scott ya rasu a 1832. Kafin rasuwarsa ya biya kuɗi aka kafa dutse a kan kabarin Helen Walker a Irongray, aka rubuta sunanta na ainihi.