Ido Daga Sama: Tarihin Gadin Kifin Shak a Gaɓar Tekun Ostireliya

A Ostireliya, wanka a teku al'ada ce, amma kifin shak, mai haƙora kamar zarto, ya daɗe yana hana masu ninƙaya sakewa. Bayan ya hallaka mutane da dama a kewayen birnin Sidni, gwamnatin jihar New South Wales ta fara kafa raga cikin teku a 1937. Ragar ba katanga ba ce. Tsawonta mita 150 ne kacal, kifin na iya zagaye ta ko ya bi ta samanta, ga shi kuma tana kashe kunkurun ruwa da sauran halittun da ba su ji ba, ba su gani ba.

Sai aka ɗaga ido sama. A 1957 aka kafa ƙungiyar sintirin jirgin sama a garin Wollongong, kudu da Sidni. Ƙaramin jirgi kan bi gaɓar teku, idan an hango inuwar shak sai a kunna jiniya, jama'a su fice daga ruwa. Daga baya jirage masu saukar ungulu suka shigo aikin.

To amma jirgi wucewa yake yi, ba ya tsayawa. A wani binciken da aka wallafa a 2014, masana sun nutsar da kifayen bogi suka sa jiragen su nemo su. Ko kashi 20 cikin 100 ba su gani ba, domin da zarar kifi ya yi ƙasa ko ruwa ya gurɓace, ya ɓace wa ido.

Wannan ya sa aka karkata ga jirgi mara matuƙi, mai arha, mai iya shawagi a wuri guda. A Janairun 2018, a Lennox Head, irin wannan jirgin ya jefa wa wasu samari biyu da igiyar ruwa ta ja abin ceto cikin daƙiƙa 70, suka tsira.

Duk da haka, mai karatu, shawarar masu ceto ba ta sauya ba. Yi wanka tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya. Guji asuba da almuru, da bakin kogi bayan ruwan sama, da wurin da tsuntsaye ke rububin ƙananan kifaye. Kada ka shiga kai kaɗai. Rashin jin jiniya ba ya nufin babu shak a ƙarƙashinka.