Manhajar Lissafin Kuɗin Gida: Yadda Take Aiki da Inda Take Gazawa

Manhajar lissafin kuɗin gida ita ce wadda ake sakawa a kwamfuta ko wayar hannu domin rubuta abin da ya shigo hannun iyali da abin da ya fita, ta rarraba su gida-gida, ta nuna wa mai ita inda kuɗinsa ya nufa. Ta bambanta da manhajojin tanadi irin su PiggyVest da Cowrywise, waɗanda ke karɓar kuɗin mutum su ajiye. Ita wannan lissafi kawai take riƙewa, kamar littafin da ɗan kasuwa ke ajiyewa a shago.

Asalinta Amurka ne. A shekarar 1983 Scott Cook da Tom Proulx suka kafa kamfanin Intuit, wanda ya fito da Quicken, manhajar da aka tsara fuskarta da siffar littafin cek don kada ta tsorata wanda bai saba da kwamfuta ba. Microsoft ya biyo baya da Microsoft Money a 1991, ya daina sayar da ita a 2009. Mint, wadda ta bayyana a 2007, ta yi suna ne saboda kyauta ce kuma tana ɗauko bayanai kai tsaye daga banki, amma ita ma an rufe ta a 2024.

Bayanai kan shiga manhajar ta hanyar rubutawa da hannu, ko ta ɗora mata takardar bayanin asusu da banki ke bayarwa, ko ta haɗa ta da asusun kai tsaye. Wannan ta ƙarshe ba ta daɗe da samun doka a Najeriya ba: Babban Banki ya fitar da tsarin musayar bayanan asusu da yardar mai shi a 2021, sannan ƙa'idojin aiwatarwa a 2023. Akwai kuma waɗanda ke karanta saƙon alat da ke shigowa waya su mayar da shi lissafi.

Wasu manhajojin suna tsayawa ne ga bayyana abin da aka riga aka kashe. Wasu kuwa, kamar YNAB da ta fara a 2004, suna neman a raba wa kowane kuɗi aikinsa tun ranar da ya shigo. Tsarin ba baƙo ba ne ga magidancin da ya saba kasa albashi kashi-kashi, na hatsi daban, na makaranta daban, na asibiti daban. Ga mai albashi wannan ya fi amfani, domin sanin yadda kuɗi ya ƙare a ranar 20 ga wata ba ya dawo da shi.

Sai dai yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne don ƙasashen da ake biyan kusan komai wata-wata kuma da kati. A biranen Najeriya kuɗin haya na shekara ne, kuɗin makaranta zango uku, ga azumi, ga kayan Sallah da ragon layya, ga biki da suna da ɗawainiyar 'yan uwa. Waɗannan ne ke karya kasafin gida, alhali yawancinsu an san lokacinsu. Maganinsu a manhaja shi ne a buɗe wa kowanne gida, a raba jimillarsa sha biyu. Wanda ke biyan hayar naira 600,000 a shekara, hayarsa naira 50,000 ce kowane wata, ko mai gida ya zo ko bai zo ba. Manhajar da ba ta iya tara irin wannan kaso daga wata zuwa wata ba ta dace da gidan ma'aikaci ba.

Adashi ma wuri ne da lissafi ke yawan karkacewa. Zubi ba kashe kuɗi ba ne, kwasa kuma ba sabon samu ba ce. Daidai shi ne a buɗe wa adashin asusu a cikin manhajar, a rubuta zubi a matsayin kuɗin da ya tashi daga wani aljihu zuwa wani. In ba haka ba, watan kwasa zai fito tamkar an samu ƙarin albashi.

Ga ɗan kasuwa matsalar ta fi zurfi. Idan kuɗin cefane da na asibiti suna fita daga aljihun da ciniki ke shiga, ba a gane an fara cin uwar kuɗi sai kaya sun ragu a shago. Manhaja ba za ta raba abin da mai shi bai raba ba. Abin da ake yi shi ne ɗan kasuwa ya yanka wa kansa wani adadi a mako ko a wata, ya zama shi ne kuɗin shigar gida, a bar na shago da littafinsa. Duk kayan da aka ɗauko daga shago zuwa gida a rubuta su da farashinsu. Irin wannan rabuwa kan sauƙaƙa lissafin zakka idan shekara ta zagayo.

Tsabar kuɗi ita ce makantar manhaja. Idan an ciri naira 40,000 a wurin mai POS, abin da za ta gani ke nan, ba ta san nawa ya tafi ga nama nawa ga ɗan adaidaita ba. Dole a rubuta da hannu, kuma wanda ya fi sanin farashin kayan miya sau da yawa uwargida ce, don haka manhajar da ke barin mutum biyu su shigar da bayani ta fi ba da hoton gaskiya. Inda ta yi fice shi ne kama ƙananan cire-cire, irin harajin naira 50 da ke hawa kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama, da ladan mai POS, da kuɗin data.

Kasafi kuma ba ya zama yadda aka rubuta shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024, kuma a irin wannan yanayi adadin da aka ware wa abinci a farkon shekara ba ya kaiwa tsakiyarta ba tare da gyara ba.

Game da tsaro, manhajar lissafi ba ta da hujjar neman lambar sirrin katin ATM. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa da janye yardarsa. Ya kamata kuma a tabbatar manhajar tana barin a fitar da lissafin gaba ɗaya zuwa Excel, saboda abin da ya sami masu amfani da Mint zai iya samun kowa. Mai son kauce wa biyan kuɗin wata-wata da dala yana da GnuCash, wadda kyauta ce kuma tana aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba.