Shirin Tarbar Hunturu: Yadda Ake Ɗumama Ɗaki Ba Tare Da Jefa Iyali Cikin Hatsari Ba

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Maris, iskar hunturu kan mamaye Arewacin Najeriya da sanyi da hazo. A garin Kaboji da ke ƙasar Kontagora a Jihar Neja, kamar sauran garuruwan manoma, lokacin kan zo ne a ƙarshen kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, kara da ciyawa suka bushe, kuma kowa ya fara neman abin jin ɗumi. Kaskon wuta da murhu da gawayi da itace su ne akasarin gidaje ke dogaro da su. Shirya waɗannan kafin ɗari ya kankama shi ke raba gidan da ya kwana cikin ɗumi da wanda ya wayi gari cikin jimami.

Yadda sanyin yake zuwa

Hunturu busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Saboda ƙarancin danshi a sararin sama, zafin da ƙasa ta sha da rana kan tsere da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan haura digiri 30 da azahar, ya kuma sauka ƙasa da 15 da asuba a sassa da dama na Arewa. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen hazo da sanyi a wannan lokaci, kuma gidajen rediyo na yaɗa shi.

Gyaran ɗaki kafin hura wuta

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin farko na kan ɗakin kansa, domin ɗakin da ke riƙe ɗumi ba ya bukatar wuta mai yawa. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro kan tara zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Rufin kwano marar silin kuwa da wuri yake hucewa, har a ji sanyi na sauka daga sama kafin asuba.

Don haka tun a watan Oktoba ko farkon Nuwamba ya kamata a yaɓe tsagogin da damina ta bari a bango, a gyara ƙyauren da ya saki, a sa labule mai kauri ko asabari a ƙofa da tagar da ke fuskantar gabas da arewa. Ɗakin kwano yana amfana da silin, ko da na tabarma ne ko zana. A shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti, a fito da barguna da rigunan sanyi a wanke a shanya. Sai dai a duk wannan toshe-toshe, tilas a bar kafar da iska za ta riƙa shiga da fita, musamman ta sama kusa da rufi.

Kasko da gawayi

A duba kasko tun kafin a fara amfani da shi. Na yumɓu da ya tsage, ko na ƙarfe da tsatsa ta huda gindinsa, zai iya zubar da garwashi a kan tabarma. Ana zuba yashi ko toka a ƙasansa, a ɗora shi a kan dandamalin ƙasa ko siminti, nesa da katifa da gidan sauro da labule da aƙalla taku uku. Katifar soso da gidan sauro na kama wuta cikin ƙiftawar ido, kuma hayaƙinsu guba ne.

Itace da gawayi su kasance busassu, a ajiye su a inuwa nesa da wurin girki. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi fiye da zafi. Ba a hura wuta da fetur ko leda ko tsohuwar taya. Ana hura gawayin a tsakar gida, a shigar da kaskon ya ɗumama ɗaki ƙofa na buɗe, sa'an nan a fitar da shi a kashe kafin kowa ya kwanta. Haka dokar take ga gadon ƙasa irin na da, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin tsofaffi da masu jego: a kwashe garwashin tukuna, ɗumin da ginin ya riƙe ya isa.

Iskar da ba a gani

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to hatsari ya wuce. Wannan kuskure ne mai kisa. Garwashi na ci gaba da fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A ɗakin da aka rufe ruf, wutar kan cinye iskar shaƙa, sai gubar ta ƙaru. Idan ta shiga huhu, takan kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar da jiki ke rayuwa da ita fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke riƙe su.

Alamunta sun haɗa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala da ruɗewa. Sau da yawa akan ɗauke su a matsayin zazzaɓi ko gajiya. Abin da ke tona asirinta shi ne a ga mutanen ɗaki guda sun kamu a lokaci guda, su kuma ji sauƙi idan sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya ko asma su ne ta fi saurin kayarwa.

Hayaƙin yau da kullum ma yana da nasa lahanin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu na daga cikin manyan hanyoyin da take kashe yara.

Lantarki da risho da janareta

Jihar Neja ce ke da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, amma gidajen karkara da dama na samun wuta ne jefi-jefi. Wannan na haifar da wani hatsari: a jona hita a bokitin ruwa, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da ita cikin dare babu kowa a kusa. Hita na jan wuta sosai, siririyar waya ko soket mai kwance ba sa iya ɗaukarta. Kafin hunturu, a kira ƙwararren mai gyaran lantarki ya duba wayoyin gida, a kuma saba da zare kayan wuta da zarar an ɗauke ta.

Risho da murhun gas na girki ne, ba a kunna su don ɗumama ɗakin kwana. Janareta kuwa irin gubar garwashi yake fitarwa, har ma fiye. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ba a kunna shi a zaure ko shago ko baranda da aka rufe, ko da tsoron ɓarayi ne ya sa.

Gobara

A garin manoma, dukiyar shekara guda tana cikin rumbu da buhunan da ke jibge a ɗaki. Busasshen darni da jinka da tarin kara na iya kai wuta daga gida zuwa gida idan iska na kaɗawa, kuma motar kashe gobara kan yi nisa da ƙauyuka. A share ciyawa a kewayen gida da rumbuna domin tare wutar daji, a nisanta tarin kara da harawa daga madafa, a fitar da jarkar fetur da babur daga ɗakin kwana. Toka kan ɓoye garwashi mai rai na sa'o'i da yawa, saboda haka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar. A tanadi bokitin ruwa da na yashi a inda kowa ya sani. Wutar fetur da ta man girki da yashi ake kashe ta, ta lantarki kuwa sai an yanke wutar tukuna.

Idan hatsari ya auku

Wanda ake zaton ya shaƙi gubar garwashi, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin lahanin kan iya bayyana daga baya. Ba a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko ruwa. Wanda ya ƙone kuwa, a riƙa kwarara wa wurin ruwa mai tsabta marar zafi na tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a guji shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko toka. Ƙunar yaro, ko wadda ta shafi fuska da hannu da al'aura, ta asibiti ce. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta.