Agajin Ƙasashen Waje a Falasɗinu: Alhakin Na Wuyan Wa?

'Yan'uwa mazauna zango, mu 'yan kasuwa mun san cewa duk wanda ya zuba jari a wata harka, to yana da kaso a ribarta, yana kuma da kaso a alhakinta. Da wannan ma'auni muke so mu duba tarihin kuɗin da ƙasashen waje ke zubawa a rikicin Isra'ila da Falasɗinawa.

A 1917 ne Ingila ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu, ƙasar da mafi yawan mazaunanta Larabawa ne. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a raba ƙasar biyu, Larabawa suka ƙi. Yaƙi ya ɓarke, aka kafa Isra'ila a 1948, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu. Majalisar ta kafa hukumar UNRWA a 1949 domin ta ciyar da su na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya kai har jikoki da tattaɓa kunne.

Su ma Yahudawa suna da nasu tabon, domin gwamnatin Hitila ta hallaka musu mutum miliyan 6. A 1952 Jamus ta Yamma ta amsa laifi, ta yarda ta biya Isra'ila mak biliyan 3. Wato an san diyya a duniya. Amma Bafalasɗinen da aka raba da gonarsa buhun gari ya samu, kuma sadaka ba ta biyan bashi.

Amurka kuwa ta daɗe tana bai wa ɓangarorin biyu, sai dai ba da mudu ɗaya ba. A 2016 ta yi wa Isra'ila alkawarin taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara 10. Shekara da shekaru kuma ita ce kan gaba wajen bai wa UNRWA kuɗi, har ta tsayar a 2018, ta dawo a 2021, ta sake tsayarwa a 2024.

Dubi filin jirgin saman Gaza. Bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 aka gina shi da kuɗin agaji, aka buɗe a 1998. Zuwa 2002 sojojin Isra'ila sun lalata shi. Masu bayarwa suka yi ta gini, ana rushewa, suna sake tara kuɗi, ba su matsa a kawo ƙarshen mamayar da aka fara a 1967 ba.

Adalci kuma shi ne mu faɗi ta kowane gefe. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum kimanin 1,200, yawancinsu farar hula. Yaƙin da ya biyo baya ya ci dubun dubatar Falasɗinawa a Gaza, da mata da yara masu yawan gaske. Wanda ya bai wa kowane ɓangare makamin da aka kashe marar laifi da shi, Amurka ce ko Iran, ba zai ce hannunsa a wanke yake ba. Shugabannin Falasɗinawa da aka daɗe ana zargi da wasa da kuɗin agaji, su ma da tambaya a kansu.

To jama'a, idan an zagaya da asusun Gaza a masallatanmu, mu bayar, domin yunwa ba ta jiran sulhu. Amma mu tambayi hannun da zai kai, a kuma kawo mana lissafi kamar yadda muke yi a asusun ƙungiya. Allah Ya kawo musu sauƙi, Ya kare mu daga ɗaukar alhakin wani, amin.