Abin da Fari Ya Koya Mana Game da Itatuwa, Daga Kusiri Zuwa Maiganga

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kusiri zuwa Maiganga ya san yadda daji ke sauya kama. A can arewa aduwa ce da farar ƙaya da magarya. A ƙasar Garwa, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 1,000, kaɗanya da ɗorawa da marke ke riƙe da fili. Idan aka hau tudun Adamawa kuwa, maje da namijin kaɗe ne ke sarauta. Tarihi ya nuna waɗannan iyakoki suna matsawa, kuma ana iya gane itacen da zai ja da baya daga ganyensa da saiwarsa da irinsa.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 su ne suka fito da wannan fili. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance har ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma. Itatuwa sun mutu a duk faɗin Sahel, amma mutuwar ta yi zaɓe. A Senegal, masani Patrick Gonzalez ya gano cewa tsakanin 1945 da 1993 itatuwa masu son danshi sun ja da baya zuwa kudu maso yamma da kilomita 25 zuwa 30, masu jure ƙishi suka gaje gurbinsu.

Me ya raba su? Aduwa da farar ƙaya ƙananan ganye gare su, ruwan da rana ke zuƙa daga jikinsu kaɗan ne. Kuka tana tara ruwa a gangar jikinta, ta kakkaɓe ganye da rani. Gawo yana tura saiwa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake kore shar lokacin da daji ya bushe. Sabara da kalgo ko an sare su sukan tofo daga kututture. Sai kuma batun iri: awaki da shanu na cin 'ya'yan gawo da bagaruwa, su kai ƙwayar nesa a cikin kashinsu. Ƙwayar kaɗanya kuwa makonni kaɗan take yi ta mutu idan ba ta sami danshi ba, itacen kuma sai ya shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Wurin da kaɗanya ta bari, da wuya ta komo.

Magabata sun san darajar waɗannan halaye. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo a ƙarni na 19. A Kamaru, gwamnatin Ahmadu Ahijo ta fito da shirin Sahel Vert a shekarun 1970, aka yi ta dasa darbejiya, baƙuwa daga Indiya mai jure fari, wadda inuwarta ta rufe titunan Marwa. An farfaɗo da shirin a 2008. A shekarun 1990 kuma, wani shiri ƙarƙashin Sodecoton ya riƙa ba manoma lada don su bar 'ya'yan gawo su girma a gonakinsu.

Sai dai fari ya kori mutane ma. Dubban manoma sun sauko daga arewa zuwa kwarin Binuwai, makiyaya suka nausa kudu, gatari da gawayi suka ƙarasa abin da ƙishi ya fara.

Maiganga na da ruwa har yanzu, amma mu riƙa duban ƙasan itatuwanmu. Inda aka ga tsofaffin kaɗanya da ɗorawa babu 'ya'ya masu tasowa a gindinsu, ƙaya kuma na yawaita, to iyaka ta soma motsi. Man kaɗe da daddawar da iyayenmu mata ke kaiwa kasuwa, da zumar da aka san Adamawa da ita, duk a kan itatuwan nan suka dogara. Mai shara a gona ya bar ɗan tsiron kaɗanya ya girma, domin jikokinsa ne za su tsinci 'ya'yanta.